KUNFU NA SILIMA DA KUNFU NA GASKIYA

Daga Wakilinmu na Arewa

Duk wanda ya zauna Agege ko Idi-Araba ko Obalende cikin shekarun 1970 da na 1980 ya san irin kamun da fim ɗin Chanis ya yi wa samarinmu. Da an tashi daga silima sai ka ga yara sun cika titi suna tsalle suna kai wa iska shuri, kowa yana ihu irin na Bruce Lee, wanda su suke kira Burusli. Wanda ya fi ƙarfin hali shi ne akta, wanda aka raina kuwa a tilasta masa ya zama bos. Yau gidan silima na Pen da ke Agege babu shi, sai sunansa da ya rage a kan gadar sama da aka buɗe cikin 2021. Amma son wasan bai mutu ba, ya dai tashi daga majigi ya koma cikin wayar hannu, kuma jikokin waɗancan samari su ne ke kallo yanzu.

To, da yake iyaye da yawa suna ganin 'ya'yansu na kwaikwayon abin da su kansu ba su san asalinsa ba, ya kamata mu bayyana wa masu karatu ko mene ne wannan wasa, da gidajensa, da yadda ake koyonsa a inda aka haife shi.

MA'ANAR SUNAN

Mu nan kome muka gani na naushi da shuri daga Gabas sai mu ce kareti. Alhali kareti na mutanen Japan ne, daga tsibirin Okinawa ya fito. Judo ma nasu ne. Taikwando kuwa na Koriya ne, shi ne wanda Chika Chukwumerije ya ciyo wa Nijeriya lambar tagulla da shi a wasannin Olamfik na 2008. Na Sinawa shi ne kunfu.

A bakin Sinawa kalmar kunfu ba faɗa take nufi ba. Ma'anarta ita ce gwanintar da mutum ya samu bayan ya daɗe yana shan wahalar abu. Saboda haka maƙerin da ya ƙware, da maɗinki, da mai yanka tsire wanda wuƙarsa ba ta kuskure, duk ana iya cewa suna da kunfu. Sunan da hukumar ƙasar ke kiran wasan da shi shi ne wushu, watau dabarun yaƙi.

Kuma ba wasa guda ba ne. Tsakanin 1983 da 1986 gwamnatin Sin ta baza mutane cikin lardunanta suka bi tsofaffin malamai suna rubuta abin da ke hannunsu. Da aka tattara sai aka ƙidaya gidaje 129, kowanne da asalinsa, da jerin malamansa, da irin tsayuwarsa. Bahaushen da ya san dambe ba zai sha wuyar gane wannan ba, domin mu ma muna da Kudu da Arewa da Guramada, kuma ɗan dambe ba ya shiga fili sai an san ɓangaren da ya fito.

ƘAFA A AREWA, HANNU A KUDU

Abin mamaki, su ma Sinawa Arewa da Kudu suka fara raba nasu, babban kogin Yangtze shi ne kan iyaka. Suna da karin magana cewa naushi na Kudu ne, shuri na Arewa. Arewacin ƙasar fili ne shimfiɗaɗɗe, ga sanyi, mutane sun saba da hawan doki da doguwar tafiya, don haka wasansu na miƙe jiki ne, da dogon taku, da tsalle, da shuri har bisa kai. Kudu kuwa ƙasar ruwa ce, da gonakin shinkafa da jiragen kwale-kwale da lunguna masu matsi. Wanda ke tsaye cikin taɓo ko kan jirgi in ya ɗaga ƙafa shi zai fara faɗuwa. Saboda haka 'yan Kudu suka kafa ƙafa a ƙasa, suka bar wa hannu aikin, naushi gajere mai nauyi daga kusa.

Gidan da ya fi kowanne suna shi ne Shaolin. Wurin ibada ne na mabiya addinin Buddha, yana gindin dutsen Song cikin lardin Henan, an gina shi cikin shekara ta 495, watau tun kafin haihuwar Manzon Allah (SAW). Masu ibadar wurin suna da gonaki da dukiya, tilas suka koyi kare kansu. Tarihi ya nuna cikin 621 sun taimaki yarima Li Shimin a yaƙi, wanda daga baya ya zama sarki. Sanda ce makamin da suka fara yin suna da shi kafin damben hannu, kuma cikin 1553 har an tura su yaƙi da 'yan fashin teku. Cikin 1928 wani shugaban soja ya cinna wa gidan wuta, ya lalace ƙwarai, har ya rage 'yan tsofaffi kaɗan ke zaune ciki. Fim ne ya farfaɗo da shi. Da aka nuna Shaolin Temple cikin 1982, wanda Jet Li ya fara fitowa a cikinsa, sai samari suka yi ta kwarara can, garin Dengfeng da ke kusa ya cika da makarantun kunfu masu dubban ɗalibai.

A Kudu, lardin Guangdong ne cibiya. Akwai gidan Hung Gar, masu tsayuwa ƙasa-ƙasa da kwaikwayon damisa da zalɓe. Babban malaminsu da duniya ta sani shi ne Wong Fei-hung, wanda ya rasu cikin 1925, kuma sana'arsa ta yau da kullum magani ce da ɗori, yana da shagon magani a birnin Guangzhou. Akwai Choy Li Fut, wanda Chan Heung ya kafa cikin 1836, masu wurga hannu da nisa kamar majajjawa. Sa'an nan ga Wing Chun.

GIDAN DA BRUCE LEE YA FITO

Wing Chun ba shi da ado. Jerin motsinsa na hannu uku ne kacal, sai aiki da gunkin katako mai hannuwa, da doguwar sanda, da tagwayen wuƙaƙe. Ƙa'idarsa ita ce ka tsare tsakiyar jikinka, daga hanci zuwa cibiya, ka kuma kai hari ta miƙaƙƙiyar hanya, domin ita ta fi kusa. Suna da wani horo da mutum biyu ke haɗa damatsa suna juyawa ba tare da sun rabu ba, har hannu ya koyi jin nufin abokin karawa tun ido bai gani ba.

Malamin da ya fitar da gidan nan duniya shi ne Ip Man, mutumin Foshan, wanda ya yi ƙaura zuwa Hongkong cikin 1949, ya rasu cikin 1972. A wurinsa Bruce Lee ya yi koyo yana saurayi. An haifi Bruce Lee a San Francisco ta Amurka cikin 1940, ya girma a Hongkong, ya koma Amurka yana da shekara 18. Can ya yi nazarin damben Turawa da wasan takobinsu, ya ga cewa gida guda ba ya isar mutum, har cikin 1967 ya sa wa tasa hanya suna Jeet Kune Do. Finafinan da suka sa muka san shi, The Big Boss na 1971, da Fist of Fury da Way of the Dragon na 1972, da Enter the Dragon na 1973, duk cikin shekara uku aka yi su. Ya rasu ran 20 ga Yuli 1973 yana da shekara 32. Abin da yaranmu suka gani a majigi ƙarshen aiki ne. Shekarun da ya yi yana gumi kafin nan ba a sayar da tikitinsu ba.

MASU TAUSHI

Akwai kuma waɗansu gidaje da Sinawa ke kira na ciki, waɗanda suka fi dogara ga numfashi da natsuwa da daidaita nauyin jiki. Babbansu shi ne taici. Ya fito daga ƙauyen zuriyar Chen cikin lardin Henan a ƙarni na 17. Wani baƙo mai suna Yang Luchan ya zauna cikinsu shekara da shekaru ya koya, ya kai shi Bejin, ya koyar har a gidan sarauta. Daga nan aka sami manyan gidaje biyar, Chen da Yang da Wu biyu da Sun, kowanne da sunan zuriyar da ta riƙe shi.

Wanda ya ga ana taici zai ce rawa ce ta marasa lafiya, don a hankali ake yi kamar mai tafiya cikin ruwa. Hikimarsa ita ce kada ka tari ƙarfi da ƙarfi. In an turo ka sai ka goce, mai turi ya tafi da nauyin kansa. Cikin 1956 gwamnati ta taƙaita shi zuwa motsi 24 domin talakawa, shi ya sa za ka ga tsofaffi maza da mata sun cika filaye da asuba suna yi don lafiyar gaɓoɓi. Cikin 2020 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana. 'Yan'uwansa su ne Bagua, wanda ɗalibi ke kewaya da'ira yana sauya hannu, da Xingyi, mai kutsawa gaba kai tsaye kamar mashi.

GIDAJEN MUSULMI

Abin da yawancin masu kallo ba su sani ba shi ne Musulmin Sin suna da hannu dumu-dumu cikin wannan fanni. Ƙabilar Hui, waɗanda yawansu ya haura miliyan 11 a ƙidayar 2020, sun zauna warwatse cikin garuruwan da ba su ne masu rinjaye ba, kamar dai zamanmu a nan Kurmi. Da yawansu fatake ne da mahauta da masu rakiyar ayari, saboda haka suka riƙi kunfu don tsaron kai, har a harabar masallaci ake koya wa yara.

Gidan Chaquan na lardin Shandong nasu ne, haka kuma wani horon shuri mai layi goma da ake kira Tantui. Gidan Baji, mai bugu da gwiwar hannu da kafaɗa, ana danganta shi ga Wu Zhong, Musulmi daga Mengcun kusa da Cangzhou, wanda ya rayu a ƙarni na 18. Ƙarfin gidan nan ya kai har daga cikinsa aka ɗauki mai tsaron Puyi, sarkin Sin na ƙarshe. Sai kuma Wang Ziping, mutumin Cangzhou, wanda aka haifa cikin 1881 ya rasu cikin 1973. Shi aka ba shugabancin sashen Shaolin a babbar makarantar wasan da gwamnati ta buɗe a Nanjing cikin 1928. Shi ma maɗori ne sananne, kuma cikin 1960, yana dab da shekara 80, ya bi firayim minista Zhou Enlai zuwa Bama ya yi wasa a gaban jama'a. Ashe ke nan mutum na iya riƙe addininsa ya kuma ƙware a wannan wasa, ba sai ya durƙusa wa gunki ba.

YADDA AKE KOYO

Kome bambancin gidajen, hanyar shiga ɗaya ce. Malami sunansa shifu, kalmar da ta haɗa ma'anar malami da uba. Wanda za a karɓa almajiri na sosai yakan miƙa wa malam shayi a gaban shaidu, a rubuta sunansa cikin jerin gidan, daga ran nan kuma laifinsa ya zama abin kunyar malaminsa. Abin da ake fara ba shi shi ne tsayuwar doki: ya buɗe ƙafafu, ya lanƙwasa gwiwa kamar yana bisa sirdi, ya tsaya har cinya ta riƙa rawa. A da yaro kan yi watanni a kan wannan kaɗai. Bayan haka sai miƙa jijiyoyi, da haddar jerin motsi, da bugun jakar yashi, da karawa da abokin koyo. Makamai, watau sanda da mashi da takubba iri biyu, sai can gaba. Jackie Chan, wanda ya ba mu dariya a Drunken Master cikin 1978, shekara goma ya yi a makarantar kwana ta wasan kwaikwayo a Hongkong, ana tashinsa tun asuba, ana horonsa da bulala.

Tashi sama da ake gani a fim kuwa, da mutum guda ya kar da hamsin, aikin igiya ne da yankan hoto, ƙarar naushin ma daga baya ake sa ta. Su kansu Sinawa sun sha wuyar ruɗin irin wannan. Cikin 1900 wata ƙungiyar 'yan kunfu ta tashi korar Turawa daga ƙasar, malamansu suka tabbatar musu cewa da surkulle harsashi ba zai huda su ba. Da sojojin ƙasashe takwas suka iso da bindigogi, gawa ta yi ta zuba. Mu da muka san 'yan tauri, mun san inda maganin ƙarfe ke tsayawa. Har ila yau cikin 2017 a birnin Chengdu wani malamin taici mai yawan cika baki ya kara da Xu Xiaodong, ɗan damben zamani, bai kai rabin minti ba yana ƙasa. Laifin ba na taici ba ne. Mutumin ya haddace motsi, amma bai saba da a kawo masa naushi na gaske ba.

INA NAMU DAMBEN?

A nan ne dambenmu ya yi zarra. Ba a zama gwani da baki. An naɗe hannu da kara, ɗaya hannun na tsaro, makaɗa na zuga, turmi uku ne, wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa an kashe shi, kowa na gani. Dambe wasan mahauta ne tun asali, shi ya sa ya biyo shanu da Rundawa har Ikko, inda babbar mayankar Oko-Oba take a nan Agege. Mu ma muna da jerin malamai, sai dai a cikin suna muke ajiye shi. In ka ji an ce Shagon wane, ko Autan wane, ko Bahagon wane, an gaya maka ubangidan da ya rene shi ke nan. Sunan Shago da Ɗandunawa kuwa yana nan da rai saboda waƙoƙin marigayi Ɗan Anace.

Inda Sinawa suka tsere mana shi ne rubutu da tsari. Sun kafa ƙungiyar wushu ta ƙasa cikin 1958, ta duniya kuma cikin 1990, shekarar da wasan ya shiga gasar ƙasashen Asiya. Sun raba shi biyu: taolu, inda alƙalai ke ba da maki kan kyan motsi, da sanda, wanda duk da sunansa ba da itace ake yi ba, karawa ce da safar hannu da naushi da shuri da kayarwa, kowa da ajin nauyinsa, ga likita a gefe. Cikin 2020 kwamitin Olamfik ya yarda a sa wushu cikin wasannin matasa na Dakar na 2026. A nan gida, Bikin Wasanni na Ƙasa da aka fara a Ikko cikin 1973 ya karɓi kunfu, ya kuma karɓi dambe da kokawa da langa. Tun daga 2017 waɗansu samari suka fara ɗora dambe a YouTube, mutanen ƙasashen waje suka gani suka yaba. Amma tsofaffin 'yan damben da suka san sirrin kowane ɓangare suna ta ƙarewa, abin da ke kansu kuwa yana bin su kabari. Aikin da Sinawa suka yi na bin tsofaffi da alƙalami yana jiran 'yan bokonmu da sarakunan dambe da attajiran Zango.

GA SAMARI DA IYAYE

Yaron da ke son kunfu ko kareti ba laifi ya yi ba. Wasa ne mai gina jiki, yana kuma raba yaro da zaman banza da shaye-shaye. Amma uba ya bincika kafin ya biya kuɗi. A tambayi malamin wa ya koya masa, shekara nawa ya yi yana koyo, kuma ƙungiyar wasanni ta jiha ta san da shi ko ba ta sani ba. A je a ga yadda yake horon yara. Wanda ya ce zai mai da yaro gwani cikin wata uku, ko ya haɗa da laya da rubutun sha, kuɗinka yake so. Wanda kuma ya koya daga waya shi kaɗai, ya tuna waya ba ta gyara tsayuwa, ba ta kuma ɗora karaya.

Babban abin da kowane gidan kirki ke fara koyarwa shi ne abin da Sinawa ke kira wude, watau ladabin mai ƙarfi: girmama na gaba, da haƙuri, da kame hannu. Malami kan kori almajirin da ya je ya yi faɗa a kasuwa, kome gwanintarsa. Wannan darasi ya fi shafarmu a kan kowa, domin mu baƙi ne a garin mutane. Rikicin Idi-Araba na Fabrairu 2002 da na Mile 12 na Maris 2016 duk daga ƙaramar husuma suka faro, kafin a ankara an yi asarar rayuka da dukiyar waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. Shuri ɗaya da yaro zai gwada a tashar mota don a ce ya iya, yana iya jawo wa unguwa duka abin da sarkin Hausawa da dattawa za su yi wata suna kashewa.

Saboda haka mai son ya nuna ƙarfi, ga fili ga alƙali, ko na kunfu ko na dambe, ya je can a san gidan da ya fito. Allah ya shirya mana zuriya, ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu, amin.